Buhun ɓuntun shinkafa ɗaya, fefa biyu

Idan ka buɗe shafin malamin kimiyya a Google Scholar layi-layi kawai za ka gani, sunan fefa, wato takardar binciken da ya wallafa, sunan mujalla, shekara, sai adadin waɗanda suka ambace ta, shi ke nan. Nawa ma haka yake, kuma abin da ya fi ɗaure wa mutane kai a ciki wasu fefa biyu ne da ke maƙwabtaka da juna, ɗaya kan batir ɗaya kan magani, har wani ƙanina ya taɓa tambayata wai Yaya kai mai batir ne ko ɗan kemis. To duka biyun daga buhu ɗaya suka fito, buhun ɓuntun shinkafa da na ɗebo a wani injin casa a wajen Kura, masu injin ma ko kwabo ba su karɓa ba sai dariya da suka dinga yi min wai malamin jami'a guda da motarsa ya zo kwasar shara.

Lokacin ina koyar da kemistiri kuma ina digiri na uku a jami'ar da nake aiki. Ni da farko batirin litiyam nake so in yi don shi ne abin yayi, sai supabaizana ya dube ni ya ce Malam, da wane kayan aikin za ka yi tsere da Sin da Koriya da Jafan a litiyam, mu nemi inda ƙafarmu za ta kai. Shi ya karkatar da ni zuwa sodiyam, wato dai sinadarin da ke cikin gishirin miya, wanda yake ko'ina kuma ba tsada. Matsalar sodiyam ɗaya ce babba. A batirin wayarka ɓangaren da ke ajiye caji girafait ne, wannan baƙin abin na cikin fensir, kuma a lissafi giram ɗaya nasa yana ɗaukar mAh 372 na litiyam, mAh ɗin nan ma'aunin yawan caji ne, amma sodiyam ba ya zama a cikin girafait sai ɗan abin da ba a rasa ba. Girafait kamar tabarmi ne da aka jera wata kan wata tsaf, tsakanin kowace biyu nanomita 0.335, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, shi kuwa abin da sodiyam ke so tabarmin da yara suka watsar ne, wasu a karkace wasu a naɗe, da ramuka a tsakani. Wannan watsattsen shi ake kira kabon mai tauri, ratarsa takan kai nanomita 0.37 zuwa 0.40. A shekarar 2000 Stevens da Dahn a jami'ar Dalhousie ta Kanada suka ƙona sukarin gulukos suka nuna irin wannan kabon yana iya ɗaukar sodiyam wajen mAh 300 a giram, daga nan kowa ya shiga ƙona abin da ke kusa da shi, ɓawon kwakwa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara. Mu kuma abin da Allah ya hore mana a Kano da Jigawa da Kebbi ɓuntu ne tuli-tuli. A 2021 da kamfanin CATL na Sin ya sanar da batirinsa na sodiyam na farko, supabaizana har kirana ya yi a waya da daddare ya ce ka gani ko.

Aikin farko ba wani na burgewa ba ne, wanki ne. A wanke ɓuntu da ruwa a fitar da ƙasa da tsakuwa, a shanya, a niƙa, a tankaɗe, sai a jiƙa shi a asid na HCl mai rauni don ya cinye su fotashiyam da kalsiyam da ƙarfen da ke ciki, sai a yi ta ɗauraya da tataccen ruwa har takardar gwajin pH ta daina nuna tsami. Tataccen ruwan nan kansa abin nema ne, ranar da babu wuta babu shi, ni da jarkoki na dinga yawo sashe-sashe ina roƙo. Bayan ya bushe sai tanderu, wani dogon bututu ne ake tura garin a ɗan ƙaramin kasko zuwa tsakiyarsa a toshe bakin biyu a saki iskar naitirojin tana wucewa ta kansa, saboda in iskar da muke shaƙa ta shiga toka za ka kwasa ba gawayi ba. Ana ɗaga zafin a hankali, digiri 5 a minti, har 600, wato tafiyar kusan awa biyu kafin ma a kai, sannan a riƙe shi a nan wasu awa biyun. To ka lissafa awa huɗu na wuta ba yankewa, a wurinmu. Baban da ke kula da lab ɗin, dattijo ne da ya fi yawancinmu sanin injinan nan, shi ya koya min dabara, ya ce ɗana kar ka kunna tanderu da rana kowa na jan wuta, ka bari sai bayan isha'i ka zo da man janareta naka a galan. Haka na dinga kwana a lab da sauro, ido ɗaya kan allon zafi ɗaya kan kwalbar da iskar ke ɓulɓulowa a cikinta, don muddin ƙwayoyin kumfar nan na tashi to gas na tafiya, ranar da suka tsaya kuwa silinda ta ƙare aikin sati ya tafi.

A nan ne hanyar ta rabu biyu ba tare da na shirya ba. Ɓuntun shinkafa ba kamar sauran ɓawo ba ne, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari nasa silika ne, sinadarin yashi, shi ya sa yake da kaushi dabbobi ma ba sa son sa. A batirin sodiyam silikan nan nauyi ne kawai na banza, ba ya ɗaukar caji, dole a cire shi. Sai a dafa gawayin a ruwan NaOH mai zafi, silikan ya narke ya bi ruwan, a tace, baƙin gari ya tsaya a takardar tata, ruwan kuma ya sauka kwalba. Ni baƙin garin nake so, ruwan zubarwa zan yi, na ɗauki kwalbar ke nan supabaizana ya shigo ya ce ina za ka da shi, na ce ranka ya daɗe shara ne, ya ce ajiye min sharar nan ka rubuta kwanan wata a jiki. Na jera kwalaben a ƙasan benci na ma manta da su.

Sai yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zo, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas lab a kulle. A cikin zaman nan ne na nemi tallafin zuwa waje yin gwaji, don abin da ya rage ba ya yiwuwa a wurinmu. Kabon mai tauri na gaske sai an kai shi digiri 1200 zuwa 1400 a cikin iskar agon, wata iska da ba ta haɗuwa da komai, tanderunmu ba ta kaiwa nan, sannan haɗa batirin kansa sai da akwatin safar hannu, wani rufaffen akwati da ake aiki a cikinsa ba iskar waje, wanda ba mu da shi. Na rubuta wa farfesoshi da dama imel, yawanci ko amsa babu, wata farfesa a Indiya ce ta ce in zo na 'yan watanni. Shiga jirgi da leda cike da baƙin gari kuwa sai wanda ya gwada, sai da na riƙe takarda daga jami'a mai hatimi da ke bayanin mene ne, kuma a filin jirgi sai da aka buɗe aka shinshina aka kira wani ya kira wani.

Can na fara ganin abin da nake ta ƙonawa. Injin XRD, mai haska gari da X-ray ya zana yadda tabarmin nan suke jere, ya fitar da tudu biyu masu faɗi a zanensa, ɗaya wajen kusurwar digiri 23 ɗaya wajen 43, ba tsini siriri irin na girafait ba, alamar tabarmin a watse suke yadda ake so. Na'urar Raman ma, mai irin wannan binciken da hasken leza, ta nuna tudunta biyu inda ake sa ran ganin su. Wallahi ranar ji na yi kamar an min albishir da haihuwa, duk da cewa dubban mutane sun riga ni ganin irin wannan zanen.

Haɗa batirin shi ne wurin da hannu ke aiki fiye da kai. Za ka auna garinka kashi 80, baƙin kabon mai taimaka wa lantarki wucewa kashi 10, sai wani ƙaro mai suna PVDF kashi 10, a dama su da ruwan NMP har su yi kauri ba gudaji, a zuba kan fallen ƙarfe siriri a ja da wata reza ta musamman ya shimfiɗu bai ɗaya, a busar a oban marar iska dare guda, sannan a huda shi a fitar da 'yan faya-fayai ƙanana a auna kowanne a sikeli mai ganin ƙasa da miligiram. A litiyam dole fallen jan ƙarfe ake amfani da shi a wannan ɓangaren, a sodiyam kuwa alminiyam ma ya isa, yana cikin dalilan arharsa. Daga nan sai akwatin safar hannu, wani babban akwatin gilashi ne cike da agon, ruwa da iskar oksijin a cikinsa ba sa kai kashi ɗaya cikin miliyan, ka zura hannuwanka cikin dogayen safar roba baƙaƙe har kafaɗa kana aiki kana leƙe ta gilashi. Sodiyam ɗin a cikin mai ake ajiye shi don in ya taɓa ruwa wuta yake kamawa, laushi gare shi wuƙa na yanka shi ba wahala, wurin yankan ya yi ƙyalli fari tas. Ka murza shi ya yi fale-fale ka huda, sai jeri a cikin gwangwanin CR2032, irin batirin nan na rimot ɗin mota, faɗinsa milimita 20 kaurinsa 3.2: faifanka a ƙasa, ɗigon ruwan batir, takardar zaren gilashi mai raba tsakani, sodiyam, faranti, sifirin, murfi, a matse da inji. Duk wannan da ɗan hantsaki kake yi cikin safa uku, gumi na zuba a ciki, hancinka na ƙaiƙayi ba halin sosawa. In takardar tsakiya ta goce ko da kaɗan ne ɓangarorin biyu suka taɓa juna, ka ɗora mita ka ga sifili, batirin ya mutu tun kafin a haife shi. Wata ɗalibar farfesar ce ta tsaya a kaina har hannuna ya faɗa, yarinya ƙarama da ba ta fi sa'ar ƙanwata ba, in na yi ba daidai ba sai ta ƙwanƙwasa gilashin da biro.

Bayan nan babu abin yi sai jira. Ana maƙala batiran a na'urar caji da saukewa, tsakanin bolt 0.01 da 2, a hankali ƙwarai, zagaye ɗaya yakan ci kusan yini da kwana, kuma ba mai sauraronka in ba ka kawo zagaye ɗari ba. Kullum da safe kafin in sha shayi sai na leƙa kwamfutar. Abin da kake nema a zanen shi ne gangara sannan doguwar shimfiɗa a ƙasa da bolt 0.1, wannan shimfiɗar ita ce sodiyam na shiga ramuka. Namu ya yi, sai dai bai kai 300 ɗin nan ba, kuma a zagayen farko ya cinye sodiyam da yawa bai dawo da shi ba. Dalilin shi ne cire silika ya bar ƙofofi barkatai a jikin gawayin, fuskarsa ta yi yawa, ruwan batirin kuma duk inda ya taɓa fuskar kabon a cajin farko sai ya ruɓe ya yi wata 'yar fata da ake kira SEI, fatar nan da sodiyam ake gina ta. Wanda muka ƙona a zafi mafi yawa ya fi dama-dama don ƙofofin sun rurrufe. Wannan bambancin shi ne ainihin abin da fefar ta faɗa, ba wai mun ƙera batirin da ya fi na kowa ba.

Rubutun ya ci watanni, da Turanci, da gyaran supabaiza da jan biro, da manhajar Turnitin mai gano satar rubutu da ke kama ka da satar jimlar da kai ka rubuta ta a wani taro. Sai batun sunaye. Ni na farko, farfesar Indiya da ɗalibarta dole, supabaizana a ƙarshe. Amma da labari ya bazu cewa fefa za ta fita waje sai ga masu gaisuwa, wannan ya ce Malam a tuna da mu firamoshin ya matso, wancan ya ce ka sa ni in sa ka a tawa. Abin da nauyi fa, mutanen da kuke sallah sahu ɗaya ne kuke zuwa sunan 'ya'yan juna. Na fake da supabaizana na ce shi ke da wuƙa da nama, shi kuma ko a jikinsa, ya ce duk wanda ya wanke ko kwalba ɗaya a aikin nan ya zo ya nuna min ita. Baban lab da ya fi su cancanta a godiya kawai sunansa ya fito, wannan har yau yana ci min rai.

Mujallar farko ko wurin masu bita, masanan da ke tantance fefa kafin a wallafa, ba ta kai ba, edita ya dawo da ita cikin 'yan kwanaki da jimla biyu, wai babu sabon abu isasshe. Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren, fefa kan gawayin ɓawon kaza da kaza sun yi yawa a duniya. Ta biyu ta riƙe ta watanni, kullum ina shiga shafinsu ina ganin rubutu ɗaya bai canza ba. A tsakanin nan akwatin imel ɗina cike yake da gayyata daga wasu mujallu masu kirana babban farfesa alhali ko dakta ban zama ba, wai a turo fefa yau ta fito cikin sati a biya dala kaza. Irin su ne wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi ta jerawa har ya sauke jerin nasa a 2017, kuma na san mutane da yawa da suka hau matsayi da su. Ban ga laifin mai iyali da firamoshin ɗinsa ya maƙale ba sosai, amma wanda ya kwana da sauro yana gadin tanderu ba zai so a auna shi da mudu ɗaya da wannan ba.

Da amsa ta zo, gyara ne babba. Mai bita na farko mutumin kirki, tambayoyi kaɗan. Na biyu kuwa shafi uku ya cika, ina ma'aunin faɗin fuskar kabon, ina hoton faifan bayan zagaye ɗari, batir nawa kuka haɗa a kowane samfur ko guda ɗaya mai kyau kuka zaɓa kuka nuna mana, me ya sa babu cikakken batir sai rabi, wato wanda ɗaya ɓangarensa falen sodiyam ne zalla na gwaji. Na yi kwana biyu ina fushi, da na huce na ga tambayarsa ta uku ita ce ta fi kowacce, don batiran tsabar nan biyu daga faifai ɗaya ma sukan saɓa. Na riga na dawo gida, sai roƙon ɗalibar nan na yi ta WhatsApp ta haɗa ƙari da ragowar garin da na bari, ta yi, Allah ya saka mata. Cikakken batir kuwa muka ce gaskiya ba mu da ɗaya ɓangaren, aiki ne na gaba, editan ya yarda. Da aka karɓa sai zaɓi biyu, ko ka biya kowa ya karanta kyauta, kuɗin kuma dala dubu biyu ne dubu uku wasu ma fiye, ga naira ta faɗi warwas tun tsakiyar 2023, ko ka bar ta a kulle ba ka biya komai ba sai mai rajista ya karanta. Na zaɓi ta biyu, wato ɗalibaina da nake koyarwa ba sa iya buɗe fefar malaminsu sai na tura musu da kaina.

Kwalaben ƙasan benci kuwa, wata abokiyar aiki ce daga sashen harhaɗa magunguna ta tayar da su. Ruwan nan sodiyam silikat ne, in ka ɗiga masa asid a hankali har tsami da kanwa su daidaita sai ya daskare ya zama farin abu mai santsi, in kuma ka sa wani sinadarin sabulu mai suna CTAB tun farko sai silikan ya ginu a kewayensa, ka ƙone sabulun ya bar gari fari mai ƙananan ramuka jere. Irin wannan silikan masu binciken kamfanin Mobil suka fitar a 1992 da sunan MCM-41, don harkar man fetur, sai a 2001 Vallet-Regí da abokan aikinta a Madrid suka cusa maganin ciwo na ibufurofen a ramukan suka nuna yana fita sannu a hankali maimakon lokaci ɗaya. Shi muka maimaita da silikan ɓuntu, muka loda maganin, muka sa a ruwa mai pH 7.4 da zafin digiri 37 kamar jikin mutum, muna ɗiba lokaci-lokaci muna aunawa da na'urar UV. Wannan duk a gida muka yi shi ba biza ba jirgi, kuma abin haushi abin dariya ya riga na batir samun masu ambato. Amma kar wani ya ce mun haɗa magani, a kofin gilashi aka yi komai, ko ɓera ba a ba ba.

Wanda ke aikin kayan ƙira haka rayuwarsa take, rami ne da fuska yake nazari, ko sodiyam ne zai shiga ramin ko magani. Rosalind Franklin da duniya ta sani da hoton DNA, kafin nan gawayi da kwal take bincike, ita ce ma a 1951 ta rarrabe kabon da ke komawa girafait in an gasa shi da wanda ba ya komawa ko an kai shi digiri 3000, wato kakan wannan da na ɗauka zuwa Indiya a leda.

Wajen firamoshin kuwa fefa biyun nan layi biyu ne a fom, a duba ko suna Scopus, kundin mujallun da ake yarda da su, a ba da maki, a raba da yawan marubuta. Sai lambar h da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, in kana da fefa biyar da aka ambaci kowacce aƙalla sau biyar lambarka biyar ke nan, tawa har yanzu da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga ta. A unguwa kuma tunda aka ji ina binciken batir sai kawo min batiran sola da suka daina riƙe caji ake yi, Baba ma duk zuwa gaisuwa sai ya ce to yaushe naka zai shigo kasuwa. Nakan ce masa Baba, John Goodenough a 1980 ya wallafa aikinsa na litiyam da kobal a Oksfod, sai 1991 Sony ta fitar da batirin, kyautar Nobel kuwa sai 2019 yana da shekara 97, kuma waɗannan na sola masu LiFePO4 da ake sayarwa a Sabon Gari daga wata fefar ɗakin bincikensa ta 1997 suka samo asali. Sai ya ce to Allah ya ba ka tsawon ransa.

Yanzu abin da ke gabana shi ne cikakken batirin da mai bita na biyu ya tambaya. Ina so in gwada haɗa ɗaya ɓangaren da sinadarin shuɗin Furushiya, don ƙarfe ne da sodiyam da kabon da naitirojin, ba kobal ba nikel, kuma ana iya haɗa shi a ruwa ba sai da tanderu ba. Na tura takardar neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, ta jami'a, na sa kuɗin silindar agon biyu da na aika samfur waje a ciki, ɗalibaina biyu na digiri na biyu kuma sun riga sun fara wankin sabon buhu.